Baƙar Taga Ta Raba Ni Da Ƙanin Matata

Malama, assalamu alaikum. Ki taimake ni don girman Allah, ki kuma yi haƙuri da tsawon wannan wasiƙa. Ban saba kai kukana wurin kowa ba, balle in rubuta shi a karanta, amma abin ya kai inda in ban faɗa wa wani ba zan aikata abin da zan zo ina cizon yatsa. Kada ki buga sunana. Garin da nake ma ba sai na faɗa ba, duk wanda ya taɓa barin gida neman abinci ya san irinsa.

Ni direba ne, amma ba na titi ba. A wani katafaren sito nake aiki, ina tuƙa motar ɗaga kaya, 'yar ƙaramar nan mai ƙarafa biyu a gaba, waɗanda ake zurawa ƙarƙashin katakon kaya a ɗaga sama. Layuka ne dogaye, kantocin ƙarfe hagu da dama sun kusa taɓa rufi, hanyar da ke tsakaninsu da ƙyar mota ɗaya ke wucewa, ga kuma mutane suna kai da komo a ƙasa da ƙafafunsu. Na daɗe a wannan aiki. 'Yata ta fari tana rarrafe na taho, yanzu ita ke karanta wa uwarta saƙona. A duk tsawon lokacin nan ban taɓa ko ƙwarzanar ƙafar mutum ba, kuma duk sabon direban da aka ɗauka ni ake haɗa shi da ni in nuna masa hanya.

Ɗakin da muke kwana na kamfani ne, mu biyar a ciki. Gadaje masu hawa biyu, igiyar shanya daga ƙusa zuwa ƙarfen taga, tukunya guda wadda kowa ke rantsuwa ba shi ya bar ta da ƙanzo ba. Babu sirri a irin wannan zama. In ka yi tari an ji. In matarka ta yi maka faɗa a waya an ji, har a ba ka shawarar amsar da ya kamata ka bayar. Wayata kuwa ta zama ta gayya, duk wanda katinsa ya ƙare ita zai ɗauka, fuskarta ma ta tsage tun bara.

A cikin mu biyar ɗin akwai ƙanin matata, uwa ɗaya uba ɗaya da ita. Dogo muke ce masa. Ba yaro ba ne, magidanci ne da 'ya'yansa a gida. Ni na nemo masa aikin, ni na tarbe shi ranar da ya sauka, a gadon da ke saman nawa yake kwana. Aikinsa a ƙasa yake, yana duba lambar kaya yana nuna mini inda zan sauke. Tsakaninmu wasa ne tun ranar da na auri yayarsa. Har yau da furfurata angon Yaya yake ce mini, ni kuma in ce shi ne gyaran da aka ɗora mini a kan yayarsa. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya yi ta wanke mini kaya yana ba ni abinci a baki yana tsokanata wai na ga banza na miƙe ƙafa. Ina faɗin wannan ne don kada ki ce na zo da rabin magana.

Shi ne kuma ya koya mini abin da ya jawo mini wannan bala'i. A ɗakin hutunmu akwai kwamfuta guda ta kamfani, babba, kusa da injin ruwan zafi, wadda muke duba jadawalin aiki a kanta, in kana da sauran lokaci kuma ka leƙa intanet. Wata rana na nemi maganin rina furfura a kanta. Wanda ya zauna bayana yana danna harafin farko sai ga bincikena ya fito ɓaro-ɓaro. Sai da aka daɗe ana kirana Saurayi a siton nan, har masu gadi. Dogo ya yi dariyarsa ya ƙoshi, sannan ya ja ni gefe ya nuna mini. Ya ce in na buɗe burauza, wato manhajar shiga intanet, in danna ɗigo ukun nan na sama, in zaɓi tagar sirri. Sai wata baƙar taga ta buɗe da hoton hula da tabarau. Ya ce duk abin da na yi a cikinta, da na rufe ya bi iska, ko mai kamfanin da kansa bai isa ya gani ba. Na gwada, na rufe, na sake buɗewa, wallahi babu ko alama. Tun daga ranar na riƙe ta tamkar ɗaki mai kuba, abin da ban taɓa samu ba tun da na zo ƙasar nan.

To, Malama, idona na hagu ya fara mutuwa. Ba ciwo yake yi ba, abin da ya yaudare ni ke nan. Gefe-gefen ne ke cinyewa a hankali, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabana ina ganinsa, wanda ke gefen hagu kuwa sai na juya wuyana gaba ɗaya. Fitilun sito suka fara yin wani zobe a kewayensu. Na goga motar a jikin kantar ƙarfe sau ɗaya na ce santsi ne. Na sake gogawa na ce sitiyari ne. Sai ranar da wata mata mai shara ta fito daga layin hagu da bokitinta, ban gan ta ba sam, sai ƙarar bokitin na ji a ƙarƙashin taya. Ita ta yi tsalle ta manne da jikin kantar ƙarfe. Ta zage ni da yarensu tas, ta tsince tsummanta ta tafi, ba ta kai ƙara ba. Na sauko na shiga bayi na zauna.

Za ki ce me ya hana ni zuwa asibiti. Katin asibitinmu na kamfani ne, likitan ma nasu ne, abin da ya gani a ofis zai kwana. Kwantiraginmu kuma duk shekara ake sabuntawa, sai da takardar lafiya, kuma takardar zama a ƙasar a jikin aikin take rataye. Direba ba ido, kin san ma'anarsa: jakarka, jirgi, gida. In koma in ce musu me? Akwai baki da yawa da ke buɗe suna jiran abin da ke fita daga wannan motar, har da na gidan su Dogo.

Shi ya sa na koma ga baƙar tagar nan. A wayata rubutun ya yi mini ƙanana, ga ta a hannun kowa, don haka duk lokacin hutu in na ga ɗakin ya yi sauƙi sai in zauna a kwamfutar kamfani in buɗe ta. Na rubuta abin da nake ji, ta ba ni wani suna na likitoci wanda harshena bai ma iya juya shi ba. Na karanta har na gaji da tsoro. Daga nan, kuma wannan shi ne abin da nake jin nauyin rubutawa, na fara tambayar yadda direba zai ci gwajin ido da ido ɗaya. Na nemo hoton allon nan mai haruffa manya da ƙanana da ake nuna wa mutum, na sauke shi a kwamfutar don in ƙara girmansa, na rinƙa haddace layukan kamar mai tilawa. Na san ba daidai ba ne. Amma in na gama sai in rufe tagar in tashi da kwanciyar hankali, a raina daga ni sai Allah.

Mutum ɗaya tak na faɗa wa a duniya, Dogo. Wata safiya muna tafiya zuwa inda motar ma'aikata ke ɗaukarmu na ce masa idona na hagu ya fara gajiya, gefe ba ya gani. Iyakar abin da na faɗa masa ke nan. Muka isa muka hau. A cikin mota ya roƙe ni in je asibiti. Na ce ya bari a sabunta kwantiragi tukuna. Ya ce shi ma fa yana da 'ya'ya, kuma a layina yake tsayawa. Na sa ya yi mini alkawarin ko yayarsa ba za ta ji ba, ya yi. Daga ranar na lura ya canza wurin tsayuwa, kullum yana gefen haguna, yana ɗaga murya tun daga nesa in wani zai fito, yana mai da abin wasa wai yana gadin angon Yaya. Amma sau biyu ko uku ya sake tayar da maganar asibiti, na ƙarshe har da cewa in na ƙi zuwa shi bai san abin da zai yi ba. Wannan kalma ita ta tsaya mini a rai.

Ba a jima ba aka kira ni ofis. Matar da ke kula da kiyaye haɗari ce, mai fara'a irin wadda ba ta kai zuci. Ta ba ni kujera, ta ce suna da dalilin zaton idona yana da matsala. Ta ambaci sunan ciwon nan na likitoci, daidai wanda na karanta. Ta kuma ce, cikin ladabi ƙwarai, haddace haruffan allo ba zai amfane ni ba, don gwajin da za a yi mini wani iri ne daban. Ta karɓi makullin motata ta jefa a aljihun tebur. An mai da ni layin naɗe kwali da leda, tare da sababbin zuwa waɗanda ni na nuna wa wasunsu ƙofar bayi, har sai likitan ido ya duba ni ƙarshen watan nan.

Ban san yadda na iso ɗaki ba. Na tarar da su duka huɗun suna cin abinci. Na kira Dogo munafuki a gabansu. Na ce ya ci amanata, ya sayar da ni don ya sami shiga wurin manya. Na goranta masa aikin da na samo masa, na ce ba don ni ba da yana can yana gyangyaɗi a gindin bishiya. Na jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado na cilla waje. Ya rantse da Allah bai faɗa wa kowa ba, ya sake rantsewa da 'ya'yansa, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya tattara kayansa ya koma wani ɗaki a ƙarshen baranda. Yanzu in mun haɗu a layin mota sai ya sunkuyar da kai ya ce ina kwana Yaya, ni kuma in kau da fuska.

Maganar ta isa gida, ni na kai ta da bakina. Na kira matata cikin fushi na ce ƙaninta ya kashe mini aiki. Ban faɗa mata dalilin ba, har yau ba ta san zancen idon ba, kuma ga alama shi ma bai faɗa mata ba. Tana kuka tana tambayar me ya haɗa mu. Surukata tsohuwa ta aiko a ce mini in yi wa Allah in yafe wa yaronta ko me ya yi. Na daina ɗaukar wayar gida gaba ɗaya.

Ga inda kaina ya kulle. Ni dai lissafina shi ne, tagar nan ba ta barin sawu, na gani da idona, mutum ɗaya kuma na faɗa wa, to wa ya rage? Amma in zan yi adalci, ban taɓa faɗa wa Dogo sunan ciwon ba, ban kuma faɗa masa zancen allon haruffa ba. Na ce wa kaina watakila laɓe yake yi a bayana ina dubawa. Wani tsohon mai gadi ya ce mini kwamfutar kamfani tana da kunne, wani kuma ya ce ƙarya ne, tagar sirri ko hukuma ba ta iya buɗe ta. Ban san wa zan gaskata ba.

Akwai kuma wani direba da ya ce zai haɗa ni da wani filin ajiye kaya a bayan gari, inda ba sa tambayar takardar likita, in ka iya tuƙi kawai ka hau. Zuciyata tana raya mini in sulale in tafi can kafin ranar gwajin, tun asirina bai gama tonuwa ba.

Malama, ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Ana iya ganin abin da mutum ya yi a tagar nan, ko ƙanin matata ne ya ci amanata? In tsaya gwajin ko in tafi? Na gaji, wallahi na gaji, kuma ba ni da wanda zan tambaya a nan da ba zai kai labarin gaba ba.

Naki,
Direban da aka karɓe wa makulli

*

Wa alaikumus salam, Yayana Direba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sassauta maka. Na karanta wasiƙarka da nauyin zuciya, kuma tun da gaskiya ka nema, ita zan ba ka.

Tsohon mai gadin nan ya fi kusa da gaskiya. Tagar sirri aikinta ɗaya ne: in ka rufe ta, burauzar da ke kan wannan na'ura ba ta ajiye jerin shafukan da ka buɗe da kalmomin da ka rubuta. Wato tana kare ka daga wanda zai zauna a kujerar bayan ka tashi, kamar masu tsokanarka da maganin furfura. A nan ƙarfinta ya ƙare. Duk abin da ka nema sai ya fita daga kwamfutar ya bi ta layin intanet na kamfani, kuma masu kula da wannan layi suna iya ganin shafukan da aka ziyarta da lokacin da aka ziyarce su, ko tagar baƙa ce ko fara. In kwamfutar tasu ce, sau da yawa akwai manhajar sa ido a cikinta da ke ganin fiye da haka. Sannan duk abin da ka sauke ba ya gogewa don ka rufe taga. Hoton allon nan da ka yi ta haddacewa yana nan zaune a ma'ajiyar kwamfutar, kowa ya buɗe zai gan shi. Gano wanda ke zaune a wurin a lokacin hutu kaza kuwa ba wani aiki ba ne a wurin da ke da jadawali, watakila ma da kyamara. Dogo bai yaudare ka ba da ya ce ko mai kamfani ba zai gani ba. Abin da shi ma ya ɗauka ke nan, kuma mutane da yawa masu ilmin zamani haka suka ɗauka.

Ba zan rantse maka cewa ƙanin matarka bai buɗe baki ba, ban kasance a wurin ba. Amma duba abin da kai da kanka ka rubuta. Matar ofis ta zo da abubuwa biyu, sunan ciwo da zancen allo, kuma duka biyun Dogo bai san su ba, kwamfutar ce ta san su. Ga mai sharar da ka kusa takewa, ga kantocin da ka goga, waɗanda duk mai duba sito zai ga tabonsu. Hanyoyin da labarin zai bi ya isa ofis suna da yawa, kai ka rufe ido a kan dukkansu saboda ka amince da taga fiye da mutum. Mutumin da har yau bai faɗa wa yayarsa ba, alhali faɗin zai wanke shi a gida, bai yi kama da maci amana ba.

Bari ma in ɗauka shi ne ya faɗa. Yayana, me kake so ya yi? Ka ɗora masa sirrin da zai iya kashe mutum, ka hana shi faɗa, ka ƙi zuwa asibiti, shi kuma kullum yana tsaye a gefen da ba ka gani. Da ya faɗa, da ban kira shi munafuki ba.

Wannan ba yana nufin ba ka da abin jin haushi ba. Tsoronka ba na banza ba ne. Mutumin da lafiyarsa da aikinsa da zamansa a ƙasa duk suke ɗaure a igiya ɗaya, wanda likitansa ma na mai aikinsa ne, an matse shi matsi mai tsanani, kuma ba kai kaɗai ke ɓoye ciwo saboda haka ba. Babu daɗi kuma mutum ya gane ana karanta abin da ya tambaya cikin tsoro shi kaɗai. Kana da damar komawa wurin matar nan, cikin natsuwa, ka tambaye ta daga ina suka samu labarin, da kuma abin da dokar wurin ta ce kan sa ido a kwamfutar ma'aikata. Watakila ta faɗa, watakila ta ƙi. Amma cire ka daga kan motar, wannan ba su yi laifi ba, kai ma a wurinsu haka za ka yi.

Filin bayan garin nan kuwa ka cire shi daga ranka yau ɗin nan. Wurin da ba ya tambayar takardar likita ba zai tsaya maka ba ranar da ka take wani. A can ba ka san layukan ba, ba mai tsaya maka a hagu, ga shi ka bar aikin da takardar zamanka ke rataye a kai. Yanzu matsalarka ido ce. In ka je can za ka iya ƙara mata ran mutum da gidan yari, a ƙasar da ba taka ba.

Ni ba likita ba ce, ba zan sa wa ciwonka suna daga wasiƙa ba. Amma irin wanda ka kwatanta, mai cin gefen gani ba tare da zafi ba, likitocin ido suna cewa abin da ya riga ya tafi da wuya ya dawo, wanda ya rage kuwa sau da yawa ana iya tsare shi da magani in an zo da wuri, kuma yakan taɓa ɗaya idon ma. Ke nan duk watan da ka yi kana haddar allo, daga ganinka aka cire shi. Kada ka jira ƙarshen wata in akwai hali. Nemi a matso da ranar, ko ka je wurin wani likitan ido na waje da kanka. Ka faɗa masa komai tun daga farko, ka kuma karɓi kwafin sakamakon a hannunka.

Da wannan sakamako za ka nemi kamfani su ba ka wani aiki a ƙasa. Ba na yi maka alkawarin za su yarda. Amma mutumin da ya daɗe bai ji wa kowa ciwo ba, wanda ke koya wa sababbin direbobi, yana da abin da zai ajiye a tebur. Kafin ka sa hannu a kowace takarda, nemi ƙungiyar ma'aikata in kuna da ita, ko masu taimaka wa baƙin ma'aikata da shawarar doka, su karanta maka. In kuma abin ya ƙare a komawa gida, gara ka koma kana ganin fuskar 'yarka.

Nan gaba, abin da ya shafi lafiyarka ko sirrinka kada ka neme shi a na'urar wurin aiki ko a kan waifai ɗinsu. Yi amfani da wayarka da datarka, ka ƙara girman rubutun a saituna, ka sa mata makulli. Tagar sirri tana da amfani a wayar da ke yawo hannu-hannu, muddin ka rufe ta bayan ka gama, ba ka shiga asusunka na imel a ciki ba, ka kuma goge abin da ka sauke. Ko a nan ma kamfanin layinka da shafin da ka shiga suna iya sanin ka zo.

Saura mutane biyu. Matarka tana kuka a kan faɗan da ba ta san tushensa ba, tsakanin mijinta da ƙaninta. Kira ta ka faɗa mata zancen idon da bakinka. Za ta tsorata, amma tsoron abin da ta sani ya fi mata sauƙi a kan wannan shirun naka. Ka kuma roƙe ta ta kwantar wa tsohuwa da hankali.

Dogo kuwa, kada ka jira sai ofis sun tabbatar maka da komai. A gaban mutum uku ka tozarta shi, a gabansu za ka ba shi haƙuri, ka janye gorin da ka yi masa kalma bayan kalma, don gorin ya fi zargin ciwo. In ya ce yana buƙatar lokaci, ka ba shi, haƙƙinsa ne. Sannan ka roƙe shi ya raka ka asibiti, domin bayan irin wannan gwaji ido yakan yi hazo na ɗan lokaci, za ka buƙaci wanda zai riƙe maka hannu ku tsallaka titi.

Allah Ya tsare maka ganinka, Ya daidaita tsakaninku, Ya buɗa maka ƙofar abinci ta inda ba ka zata ba. Ina yi maka fatan alheri, kai da iyalinka.